Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Da Ke Ba Da Izinin Tiyatar Ƙwaƙwalwar Ƙananan Birai

Zuwa ga shugabanni da wakilan kwamitocin kula da dabbobin bincike a jami'o'i da cibiyoyin nazarin ƙwaƙwalwa,

Ina gaishe ku cikin girmamawa, da fatan kuna lafiya. Bayan haka:

A kusan kowace takardar neman izini da ta shafi tiyatar kan ƙaramin biri akwai layi biyu ko uku da ido kan tsallake. Za ku ga an rubuta cewa za a sa wa dabbar maganin barci, a kafe kanta a mariƙi, a huda ƙashin kai, a yi allura a wuri kaza bisa lissafin taswirar ƙwaƙwalwa. Shi ke nan. Sauran shafukan suna can suna bayanin girman tambayar da ake son amsawa da alfanun da ɗan'adam zai samu. A kan waɗannan 'yan layuka nake rubuto muku. Ni likitan dabbobi ne, wurin tsayuwata gefen teburin tiyata, ta wajen wutsiya, inda wayoyin awo suke fitowa daga ƙarƙashin mayafi. Roƙona guda ne ko da yake yana da rassa: kada ku ƙara sa hannu a kan irin wannan aiki sai an yi muku alkawarin ɗaukar hoton kan wannan birin da kansa kafin a taɓa shi, an kuma faɗa muku wane ne zai tsaya a ɗakin ba shi da wani aiki sai lura da numfashinsa.

Wasunku masana doka ne ko wakilan jama'a, ba lallai ne kun taɓa riƙe dabbar a hannu ba, don haka bari in kwatanta ta. Birin mamoset, wanda masu nazarin ƙwaƙwalwa suka fi amfani da shi cikin ƙananan birai, asalinsa arewa maso gabashin Burazil ne. Baligi yakan kai giram 300 zuwa 450, ƙwaƙwalwarsa kuwa wajen giram 8 ce. Samanta sumul yake, babu yawan lanƙwasa irin ta mutum ko ta birin makak, saboda haka sassan da a wurinmu suke maƙale cikin lungu, a wurinsa suna shimfiɗe a fili. Macen tana ɗaukar ciki kusan wata biyar, galibi ta haifi tagwaye, 'ya'yan su balaga a wajen wata 18. Uba da yayye suna taya goyo. Idan sun rabu sukan kira juna bi da bi, wannan ya kira ya yi shiru, wancan ya amsa. Akwai ma waɗanda suka fi shi ƙanƙanta, kamar ɗan lemur ɗin Madagaska da bai kai giram 100 ba, kuma duk abin da zan faɗa ya fi tsanani a kansu.

Tun da Erika Sasaki da abokan aikinta a Japan suka sanar a 2009 cewa sun samar da mamoset mai ɗauke da ƙwayar gado da aka dasa masa, har ya gadar wa ɗansa, sai kasuwar wannan biri ta buɗe. A 2014 Japan ta ƙaddamar da babban shirin nan na Brain/MINDS, wanda ya ɗora zana taswirar ƙwaƙwalwa a kan mamoset. Ɗakunan bincike da dama da suka shekara suna aiki da ɓeraye suka juyo gare shi. Sun zo da ƙwarewa ta gaske, sun kuma zo da al'adun aikin ɓera: ɗalibi guda ya sa barci, ya yi aski, ya huda, ya yi allura, ya ɗinke, ya ajiye dabbar a akwati mai ɗumi. Damuwata ke nan, domin wannan tsari bai dace da biri ba.

Dabarar kafe kai a mariƙin ƙarfe a auna wuri ta fuska uku tsohuwa ce. Victor Horsley da Robert Clarke ne suka bayyana ta a Landan a 1908, kuma a kan birai suka gwada ta tun kafin Spiegel da Wycis su kai ta kan mutum a 1947. A kan ɓera tana aiki ƙwarai, saboda ɓerayen bincike zuriya ce da aka daɗe ana haɗa ta da junanta har kawunansu suka kusa zama ɗaya, ga kuma mahaɗar ƙasusuwa a tsakar kai da ake fara awo daga gare ta. Birai ba a tace su haka ba. Kowane da fasalin kansa, wani mai tsawo, wani mai faɗi, kuma waccan mahaɗa ba abin dogaro ba ce a wurinsu. Sai ake komawa ga ramukan kunne biyu da ƙasan kwarmin ido. Taswirar da aka fi buɗewa, wadda George Paxinos da abokan aikinsa suka fitar a 2012, aiki ne mai daraja, amma daga ƙwaƙwalwar biri guda aka zana ta. Wanda ya dogara da ita kaɗai ya zama tela da ya auna mutum ɗaya yana yanka wa kowa da awon.

Ku ƙara da kuskuren hannu. Sandunan da ake zurawa a kunne, idan ɗaya ta shige fiye da 'yar'uwarta ko ta zame daga ramin ƙashi, kan zai karkata ba tare da ido ya lura ba. Karkatar digiri uku kacal, a zurfin milimita goma, tana kai bakin allura fiye da rabin milimita gefe. Da yawa daga wuraren da ake nema a can ciki faɗinsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. To, mene ne sakamakon kuskure? Ba a ganinsa a ranar. An zuba ƙwayar bairas da aka gyara don ta kai wani furotin cikin ƙwayoyin jijiya, a jira makonni kafin ta kama. A shafe watanni ana horar da birin, ana gwaji, ana tara bayanai. Sai a ƙarshe, bayan an kashe shi an yanka ƙwaƙwalwar fale-fale an duba, a tarar allurar ta sauka a maƙwabcin wurin. A cire shi daga lissafi, a rubuto muku ana neman ƙarin biri biyu. Ku kuma ku ba da izini, don ba a gaya muku abin da ya cinye na farkon ba.

Gani ya kori ji. Hoton MRI yana nuna naman ƙwaƙwalwar wannan dabbar, da iyakokin sassanta, da manyan jijiyoyin jini idan an nemi su fito. Hoton CT yana nuna ƙashi, kaurinsa da ramukan kunne. A kwamfuta ake ɗora ɗaya a kan ɗaya, a ja taswirar a lanƙwasa ta har ta hau kan wannan ƙwaƙwalwar, maimakon a tilasta wa ƙwaƙwalwar bin taswira. Don a haɗa hoton da teburin tiyata, ko dai a ɗauki hoton kan yana cikin mariƙin da ba na ƙarfe ba wanda zai shiga na'urar, ko a liƙa 'yan alamomi masu haske a hoto, irin ƙananan ƙwayoyin mai, waɗanda za a sake taɓawa da sandar awo a ɗakin tiyata. Daga nan likita zai zauna tun kwanaki kafin aiki ya zaɓi hanyar da allura za ta bi, ya kauce wa jijiyar jini, ya kauce wa kogon ruwa na cikin ƙwaƙwalwa, ya san kaurin ƙashin da zai huda, wanda a wurare da dama bai fi milimita guda ba. Har farantin da za a ɗora a kai ana iya bugawa da na'urar ɗab'i mai fuska uku daidai da ƙoƙon kan wannan birin, ya zauna ɗaram ba sai an cika shi da siminti ba. Bayan aiki kuma a sake ɗaukar hoto a tabbatar. Idan an gauraya ɗan sinadari mai haske cikin abin da aka zuba, a ranar za a san inda ya sauka.

Ba na so ku ɗauki hoton a matsayin laya. Takardar da ta ce za a yi MRI ta yi shiru, ba ta gama amsa muku ba. Na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tana iya murɗe hoto kaɗan, musamman kusa da kogunan iska na kunne. Haɗa hoto da mariƙi yana da nasa kuskuren. Kuma da zarar an buɗe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ruwa ya tsiyaye, naman yakan ɗan zauna, abin da aka auna jiya ya gusa. Don haka ku tambaye su: nawa ne kuskuren tsarinku daga farko zuwa ƙarshe, a milimita, kuma ta yaya kuka auna shi? Amsa mai kyau ita ce sun gwada a kan kan roba, ko a kan gawar birin da ya mutu saboda wani dalili, su nuna muku lambobin. Sannan kowane hoto galibi barci ne na daban. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa maimaita maganin barci, ko barcin da ya wuce awa uku, yana iya shafar ƙwaƙwalwar yara 'yan ƙasa da shekara uku, kuma wani ɓangare na hujjar daga binciken jariran birai ya fito. Wanda yake nazarin yadda ƙwaƙwalwar ɗan mamoset take girma, yana kuma sumar da shi akai-akai don hoto, ya kamata ya bayyana muku yadda zai raba tasirin maganin da abin da yake nema. Akwai ɗakunan da suka horar da birai su kwanta a farke cikin na'urar sanye da hular da aka ƙera daidai kansu. Yana cin lokaci, amma ya nuna hanyar tana nan.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya, wato barcin kansa.

Jinin da ke jikin mamoset mai giram 350 gaba ɗaya wajen mililita 25 ne. Kashi goma cikin ɗari na wannan shi ne mililita biyu da rabi, rabin ƙaramin cokali. Auduga biyu ko uku su jiƙe daga fatar kai, an kai wannan iyaka, alhali likitan da ke duban maikiroskof bai ga wani abin tashin hankali ba. Numfashinsa guda bai wuce mililita uku zuwa huɗu ba. Bututun da ake zura masa a maƙogwaro faɗinsa wajen milimita biyu ne, ɗigon majina ɗaya ya isa ya toshe shi, lanƙwasa wuya kaɗan wajen kafe kai ya isa ya tura shi cikin huhu ɗaya ko ya zare shi. Idan mahaɗin da ke tsakanin bututun da na'ura ya yi girma, iskar da ya fitar ba ta fita, tana tsayawa a ciki ya sake shaƙar ta. Zuciyarsa tana bugawa fiye da sau 200 a minti, wasu na'urorin da aka ƙera don mutum ba sa iya bin ta, sai su riƙa kuka ba dalili har wani ya gaji ya kashe ƙarar. Duk wannan yana faruwa ne bayan an rufe dabbar da mayafi, ba abin da ke waje sai ɗan fili a tsakar kai. Ƙirjin da za a kalla a ga yana motsi ba a ganinsa. Idan ba a sa kanula, wato siririn bututun ba da ruwa da magani, a jijiyar wutsiya ko ta ƙafa tun farko ba, a lokacin da jini ya sauka jijiyoyin sun riga sun lafe, neman su a ƙarƙashin mayafi wahala ce kawai.

Sanyi ya fi komai saurin shigowa. Da rana zafin jikinsa wajen digiri 39 ne, amma jikin ƙarami ne, fatar tana da yawa idan aka kwatanta da naman, ga aski, ga ruwan wanke fata mai sanyi, ga busasshiyar iskar oksijin tana ratsa huhu. Cikin mintuna kaɗan, tun ana shiri ba a ɗauki wuƙa ba, zai iya zubar da digiri biyu. A ɗakin MRI abin ya fi muni, don ɗakin da sanyi kuma dabbar tana can cikin rami nesa da hannu. Jiki mai sanyi ba ya narkar da magani da wuri, jini ba ya daskarewa yadda ya kamata, farkawa ta yi nisa. Garin gudun wannan kuma wasu sukan ƙona fatar ciki da shimfiɗa mai zafi wadda ba ta da ma'auni. Abin da ake buƙata ma'aunin zafi ne a dubura, haɗe da shimfiɗar da ke bin umarninsa. Haka batun sukari: dabba mai wannan girma ba ta da ajiya, idan aka hana ta abinci tsawon lokacin da ake hana babban biri, aka ɗora mata aikin awa biyar, sukarin jininta zai faɗi, sai a ga ta ƙi farkawa ana ta zargin magani.

Akwai abin da masu bincike ba su cika haɗawa ba, shi ne cewa daidaiton allura yana hannun mai sa barci kamar yadda yake hannun mai fiɗa. Idan numfashi ya yi rauni iskar kabon ta taru a jini, jijiyoyin ƙwaƙwalwa sukan buɗe, naman ya kumbura ya turo ta ramin da aka huda. Idan kuma aka cika hura masa iska, jijiyoyin su tsuke, naman ya janye. Ko ta ina, wurin da aka auna a hoto ya matsa. Wanda ya sayi na'urar bin hoto mai tsada bai sayi ma'aunin iskar kabon da zai iya karanta numfashin mililita uku ba, ya yi aikin baban giwa.

Magungunan ma kowane da halinsa. Maganin barcin ketamin yana da tsami, kuma an daɗe da sanin yana lalata naman cinyar mamoset a wurin da aka yi allurar, shi ya sa da yawa suka koma alfaksalon don fara barcin. Aisofuloren da ake shaƙa yana da sauƙin sarrafawa, amma yana saukar da jini, kuma ba ya kashe zafin ciwo, yana dai hana dabbar sanin abin da ake yi mata. Dole a haɗa da mai kashe zafi, a sa lidoken mai kashe jin ciwo a inda aka sa shi, ko makamancinsa, a wurin yanka da bakin sandunan kunne. Haɗin ma sai da sani. Likitocin cibiyar binciken birai da ke Rijswijk a Holan sun buga a 2018 cewa akasarin mamoset ɗin da aka ba bufirenofin, wani maganin kashe zafin ciwo, kafin alfaksalon numfashinsu ya tsaya na wani lokaci. Magunguna biyu ne masu kyau, haɗuwarsu a wannan jeri ce matsalar. Irin wannan ilmi ba ya cikin littafin ɓera, ba ya cikin na makak. Ga masu auna aikin jijiya dabbar tana barci kuwa, maganin yana cikin sakamakon: ketamin yana toshe ɗaya daga manyan hanyoyin da ƙwayoyin jijiya suke isar wa juna saƙo, aisofuloren yana dusashe aikin saman ƙwaƙwalwa da martanin jijiyoyin jini da MRI ke karantawa. Rahoton da bai faɗi yawan maganin da zafin jikin dabbar a lokacin awo ba, ba wanda zai iya maimaita shi.

Mutum ɗaya ba zai iya duban maikiroskof da hannu biyu cikin safar tiyata, ya kuma lura da duk waɗannan ba. Babu asibitin kirki da zai bar likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ya sa wa jariri barci da kansa, kuma mamoset bai kai nauyin yawancin bakwaini ba. Ku wajabta mutum na biyu, wanda aka horar a kan wannan dabbar, yana rubuta bugun zuciya da oksijin da kabon da zafin jiki duk bayan minti biyar, yana da ikon cewa a dakata, a kuma dakata ɗin ko da shugaban ɗakin ne riƙe da wuƙa. Wannan iko sai ku ne za ku ba shi a rubuce, domin ma'aikacin da albashinsa ke fitowa daga kuɗin binciken ba zai iya ƙwatar wa kansa ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyin da ake bi kafin a yanka mutum, kowa ya tsaya a tabbatar da komai da baki. Gyara ta don biri aikin yini guda ne. A saka har da tambayar ko akwai mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe cikin ma'aikata, don ƙwayar da ke kawo shi, wadda a wurinmu ba komai ba ce, tana kashe mamoset.

Aiki bai ƙare da ɗinki ba. Mamoset dabba ce da ake farauta a daji, ta gaji ɓoye ciwo. Wanda ya leƙa keji ya ga ta zauna tsaf tana kallonsa zai rubuta cewa lafiya lau. A bar kyamara a fita, sai a ga ta dunƙule, ido a lumshe, ta ƙi hawa sama, ta ɗauki abinci ta sake shi don tauna tana ja mata naman gefen kai da aka ɗaga lokacin aiki. Alamun ke nan: raguwar nauyi, ƙin tsalle, riƙe reshe da hannu ɗaya, shiru a lokacin da 'yan'uwa ke kira. Takardar da ta ce za a ba da maganin zafi idan an ga buƙata, ku mayar da ita. A rubuta sunan maganin, meloksikam ko waninsa, da yawansa, da kwanakin da za a bayar ko an ga alama ko ba a gani ba, da wanda zai duba da dare da ranar hutu. Ku kuma tambayi yaushe za a mayar da ita ga danginta. Kaɗaici yana hana ta ci, rashin ci kuwa a wannan jiki ba ya jira. Idan ba za a haɗa su nan take ba saboda ɗinki, a ajiye ta inda za ta gan su ta ji muryarsu. A ƙarshe a rubuta iyakar da idan an kai ta za a sauƙaƙa mata, da wanda ke da hurumin yanke wannan hukunci ba sai an jira mai binciken ya dawo daga tafiya ba.

Doka ba ta hana ku komai cikin wannan ba, ta ma ba ku hanya. Ƙa'idoji ukun da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, wato a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a kyautata yadda ake yi mata, su ne ginshiƙin aikinku ko'ina kuke. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta wajabta a waiwayi duk aikin da aka yi da birai bayan an kammala shi. A Birtaniya, kwamitin da Patrick Bateson ya jagoranta ya duba binciken birai na shekara goma ya ba da rahoto a 2011 cewa wajen kashi 9 cikin ɗari na ayyukan ba a ga wani amfani bayyananne da suka haifar ba, ya kuma ce wajibi ne a buga sakamako ko da bai zo yadda ake so ba. Ƙa'idojin rubuta rahoton binciken dabbobi da ake kira ARRIVE, na 2010 da aka sabunta a 2020, sun nemi a faɗi dabbobin da aka cire daga lissafi da dalili. Duk da haka birin da ya mutu a kan tebur ko wanda allura ta kuskure ba kasafai yake bayyana a mujalla ba. Ɗakin bincike a wata ƙasa ya gano cewa haɗin kaza yana tsayar da numfashi, ya gyara a ɓoye, wani ɗakin a wata ƙasar ya sake ganowa da ran nasa birin. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: ku ne kuke karɓar rahoton shekara, ku ne ba ku tanadi gurbin wannan tambaya a cikinsa ba. Ku nemi adadin da aka yi wa aiki, da waɗanda suka mutu ko suka samu matsala, da waɗanda aka kuskure, kuma ku karɓa ba da fuskar hukunci ba, in ba haka ba za a koma ɓoyewa.

Na san abin da za a ce, MRI na ƙananan dabbobi ba kowace cibiya ke da shi ba, ɗaukar ma'aikaci na musamman kuma nauyi ne. Gaskiya ne. Amma na'urar asibiti ta mutane, da ƙaramin abin karɓar sigina da ya dace, tana ba da hoton da ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma cibiyoyi suna iya yin tarayya. Kiwon mamoset guda har ya balaga, da horar da shi, da watannin ɗalibi, sun fi kuɗin hoto. Wanda duk da haka ya ce ba zai iya ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya kai tambayarsa inda ake da kayan aiki a yi tare da shi. Ba ina cikin masu cewa wannan bincike banza ba ne. A 1990 Hagai Bergman da Thomas Wichmann da Mahlon DeLong suka nuna a kan birai cewa lalata wani ɗan gungun jijiya a ƙarƙashin talamus, wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa, yana sassauta alamun cutar Parkinson, ba a jima ba Alim-Louis Benabid a Grenoble ta Faransa ya fara dasa wa marasa lafiya waya a wannan wurin, kuma dubban mutane suna tafiya da ƙafafunsu yau saboda haka. Su ma waɗannan marasa lafiya ba a zura musu waya sai an ɗauki hoton kan kowannensu. Fasahar daga birai ta je wurin mutane ta gyaru, ban ga dalilin da zai hana a dawo musu da gyaran ba.

A zamanku na gaba, kafin ku sabunta izinin kowane ɗaki, ku ce a kawo muku takardun awon barci na ayyuka biyar na baya-bayan nan, na asali da aka cika da hannu a ɗakin, tare da hoton bayan aiki na kowane biri. Ku duba layin zafin jiki, ku duba ko akwai rabin awa da ba a rubuta komai ba, ku duba ko sa hannun mai fiɗa da na mai sa barci na mutum ɗaya ne. Idan babu mai iya karanta takardar a cikinku, ku gayyaci likitan sa barci daga sashen jarirai na asibiti ya zauna da ku, awon da ya saba da shi ne ya fi kusa da namu.

Naku cikin girmamawa,
Wani likitan dabbobi mai aikin sa barci